Linzamin Kakanka da Bakin Kili

Zuwa ga ɗana, Mai Sunan Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa kun sauka lafiya kai da dokinka Kili, ya sa ka iske kawunka Lawali da iyalinsa lafiya lau. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na daji, da sharrin mutum da na dabba, ya sa ka fara kiwon nan a sa'a. Innarka tana gaishe ka, ko da yake ka san halinta, ba za ta yarda a ce ita ta aiko ba. Labarin gida ba zan cika ka da shi ba, kowa yana nan yadda ka bar shi.

Washegarin tafiyarka na shiga zaure neman igiya, na ɗaga kai, sai na ga ƙusar bango ba komai a kanta. Linzamin kakanka ba ya nan. Ban tambayi kowa ba, don na san inda ya nufa. Na kira ka a salula, rezo, wato layin waya, ma ya yi mana kirki ranar, na ce kun isa, ka ce kun isa, na ce to madalla, sai na kashe wayar ban taɓo maganar linzamin ba, kamar yadda na saba. Shi ya sa na koma ga takarda, ita ba ta kallon idon mutum. Direban da ke kai awaki kasuwar Belbeji zai miƙa wa kawunka ita, shi kuma ya ba ka.

Ba na kiran ka ɓarawo, kada ma ka kawo wannan a ranka. Na san abin da na yi maka. A gidanmu, in ɗan fari zai fita da dokinsa na kansa, ubansa ne ke sauko da linzamin nan ya sa masa a hannu a gaban mutane. Haka kakanka ya karɓa daga ubansa, haka na karɓa daga gare shi. Kai kuwa ka ɗaura sirdi, ka tsaya a ƙofar gida kana jira, maƙwabta sun fito yi maka sallama, ni kuma na ce Allah ya kiyaye hanya, na sa hannuna a aljihu. Na ga yadda fuskarka ta koma. Da ka ce ka manta gorar ruwa a zaure ka koma ciki, ban kawo komai a raina ba. Ka ɗauka na raina ka ne, na ga ba ka kai a ba ka gadon gida ba. Wallahi ba haka ba ne. Bakin Kili nake ji wa tsoro, da ranka da yake rataye a bakin nan. Roƙona ɗaya ne a takardar nan: kada ka sa masa wannan ƙarfe. Sauran abin da zan rubuta duk dalili ne, kuma dalilin ba mai daɗi ba ne.

Ɗauko shi ka duba da kyau. Irinsa muke kira linzamin zobe. Ka ga harshen ƙarfen da ke tsakiya, ka ga zoben da ke zagaye haɓar doki ta ƙasa, ka ga dogayen ƙafafun da ake ɗaura kamazuru, igiyar da mahayi ke riƙewa, a kai. In ka ja kamazuru, harshen nan ya miƙe ya soki ganɗar doki, zoben kuma ya matse masa muƙamuƙi, duk a lokaci guda. Ɗan jan da za ka yi da yatsa biyu, a bakinsa ya zama jan ƙato. Ba a yi shi don yaro ba, ba a kuma yi shi don duƙushi ba. Kakanka ya hau da shi yana bin sawun ɓarayin shanu har bayan Tanut, amma a bakin tsohon ingarma ne wanda ya riga ya san komai, kuma ni da idona ban taɓa ganin kamazurunsa a miƙe ba. Kullum a sake yake, yana lilo a wuyan doki. Da gwiwa yake magana da dokinsa, ƙarfen yana ciki ne kawai don ranar da rai ya zo ga halaka.

Ni ban ga wannan ba a lokacin, ƙarfen kaɗai na gani. Ranar da ya ba ni shi tare da dokina na fari, wani mai faɗin ƙirji da muke kira Bidi don launinsa, ya ce mini, “Ka riƙe, amma ka bari sai hannunka ya girma.” Na ce to. Bai kai ga juya baya ba na cusa wa Bidi shi. Ina saurayi lokacin, kaina ya kumbura, kuma a zamaninmu ba abin da ke sa a san da kai a kasuwar Ollelewa irin zamiya. Ka sako doki da gudu kamar za ka bi ta kan mutane, sai ka fizge linzami, ya zauna a kan ƙafafunsa na baya yana jan ƙasa. Bidi yana yi, ba don ya iya ba, don azaba. Kumfar bakinsa ta fito ja, samari suna tafi, ƴanmata masu tallar fura suna guɗa, ni kuma ina jin ba kamata a Damargu. Mu a wurinmu jan kumfar nan ado ne. In dokinka ya dawo da baki fari, sai a ce ba ka hau ba, yawo ka kai shi. Ban taɓa tsayawa na buɗe bakin na duba ciki ba.

Kai ka duba. Kafin ka sa wa kowane doki ƙarfe, sa yatsanka a gefen bakinsa, a giɓin nan da babu haƙori, ka shafa dasashin. A nan linzami ke zama. Na Kili siriri ne, fata ce kawai a kan ƙashi, shi ya sa yake juyawa tun kafin ka gama tunanin juyawa. Ga shi bai ma gama famfara ba, bakinsa da ciwonsa na kansa yake kwana. Irin wannan doki, miƙaƙƙen linzami mai santsi da kauri ya ishe shi, wanda ya tafi da shi a baki, ko mai gaɓa a tsakiya in hannunka ya natsu. Ranar da ba nisa za ka ba, ragamar igiya ma ta wadatar, ba sai da ƙarfe ba. Ana zaɓen linzami da bakin doki ne, ba da girman gidan mai doki ba, ni kuwa da girman gidanmu na zaɓa.

Kafin damina ta sake zagayowa, Bidi ya daina ji. Ciwon ya warke ya sake fashewa, ya warke ya sake fashewa, har wurin ya yi kanta kamar tafin ƙafar manomi. In na ja, sai ya ɗaga kai sama ya ci gaba da abinsa. A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni, don wannan karon an gaya mini. Na kai linzamin maƙerar Baba Sanda, ba ka san shi ba, ya rasu kana goye. Na ce ya ƙara wa harshen tsawo, ya kuma fitar masa da haƙora. Ya juya ƙarfen a hannunsa, ya dube ni, ya ce, “Mamman, mi dokin nan ya yi maka?”

Na ce, “Taurin kai gare shi, Baba.”

Ya ce, “Kawo shi in ga bakin.”

Na ce ba baki na kawo ba, ƙarfe na kawo. Ya ci gaba da zuga wuta, can ya ce, “Ƙarhe dai ina iya ƙara maka ko nawa kake so. Baki ne ban iya ƙerawa. In ya mutu, ya mutu ke nan.” Na yi kunnen ƙashi, na ce in ba zai yi ba in kai wa maƙeran garin Gangara. Ya yi, don yana jin nauyin kakanka, amma da ya gama bai miƙo mini a hannu ba, a ƙasa ya ajiye ya ce in ɗauka. Saboda haka abin da ke cikin jakarka ba yadda kakanka ya bar shi ba ne. Shafa harshen da yatsa za ka ji ƙaiƙayin haƙoran. Wannan ba gadon kakanka ba ne, aikina ne.

In doki ya fara ƙin jin linzami, kada ka ƙara masa ƙarfe, rage masa za ka yi. Sauka ka duba ko haƙori ne ke fitowa, ko ƙarfen ya yi kaifi a wani gefe, ko sirdi ne ke cin bayansa, ko kuwa hannunka ne ya yi nauyi, wanda shi ne ya fi yawa. Ka cire masa komai ka bar shi da ragama har bakin ya huce. Dokin da ke ɗaga kai yana buɗe baki ba rashin kunya yake maka ba, gudun ciwo yake. Na san wannan yanzu kamar yadda na san sunana, amma sanin bai zo a lokacin da zai amfani kowa ba.

Yanzu zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har innarka. Kun taso kuna jin cewa ƙanena Habu, baffanku da ba ku sani ba, dokin aljani ne ya kashe shi. Haka mutanen gari suka ce, ni kuma na bar su suna cewa. Ba aljani ko ɗaya. Bidi ne, kuma ni na mai da shi haka.

Rani ne, shanunmu suna wata rijiya arewa da gari, aka aiko cewa saniya ta faɗi ta kasa tashi. Ni zazzaɓi ya kwantar da ni, sai Habu ya ce zai hau Bidi ya je. Yaro ne mai tausayin dabba, ko jaki ba ya iya duka. Ina kishingiɗe a zaure ina kallonsa ya ɗauko linzamin, ya shafa haƙoran, ya yamutsa fuska, ya mayar kan ƙusa. Ya ɗauko wani ɗan siriri na tsohuwar goɗiyarmu. Ya ce, “Yaya, wannan naka ai zalunci ne. Bari in sa mishi mai sauƙi yau, shi ma ya huta.”

Na san Bidi ba zai ji siririn nan ba ko kaɗan. Na san in ya zabura babu abin da zai tsai da shi sai wancan mugun ƙarfe, shi ma da ƙyar. Maganar tana bakina. Amma in na faɗa, na yarda ke nan a gaban ƙanena cewa na kashe bakin dokin da ake yi mini kirari da shi. Sai na ce, “Yadda ka gani.” Abin da na ce ke nan, na juya na fuskanci bango.

Waɗanda ke bakin rijiya suka ba mu labarin sauran. Raƙuman wasu Buzaye ne suka kaure da faɗa, ɗaya ya yi ruri ya taso, Bidi ya firgita ya zabura. Sun ce Habu ya ja har ya kwanta da baya, dokin ko gezau. Ya bi da shi ta cikin ƙaya, ya yi tuntuɓe da kwamin shayarwa, Habu ya faɗo, ƙafarsa ɗaya ta maƙale a likkafa. Wani Bafulatani ne ya tare dokin can da nisa. A kan amalanke aka kawo Habu gida, ya cika kafin a kai shi asibitin Tanut. Kakarka ta rungume ni tana kuka tana cewa Allah ya rufa mata asiri da ba ni na hau ba, da ta rasa babba. Ka ji abin da na tsaya na saurara, na kuma bar ta a kan haka.

Daga nan na sayar da Bidi ga wani mai jigilar ruwa, ban gaya masa komai game da bakin ba, shi ma na bar shi da ƙaddararsa. Na taɓa hango shi a Tanut bayan shekaru, ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje, yana jan duro. Na sauya hanya. Shawarata a nan gajeriya ce. Kada ka taɓa ba wa mutum aron doki ba ka gaya masa gaskiyar bakinsa ba, ko da gaskiyar za ta zubar maka da girma. Kuma ka sani, dokin da aka saba wa mugun linzami ya zama tarko ga duk mai hannun kirki da zai hau shi bayanka. Inda kake yanzu rijiyoyi ne masu zurfi da raƙuma da shanun da ba su san mutum ba, kuma ƴaƴan kawunka za su riƙa cewa ka ba su Kili su kai saƙo. Ba na iya barci in na tuna wannan.

Kada kuma ka ɗauka duk linzami mai sauƙi lafiya ne, don a nan ma na faɗi. Na daɗe ba na hawa, sai da aka haife ka na sayi uwar Kili, wadda muke kira Ƴar Gangara. Tsoro ya sa na rantse ba za ta ɗanɗana zobe ba. Na je kasuwar Tanut na ga wani mai gaɓa a tsakiya a shimfiɗar mai tsofaffin kaya, fari fat yana walƙiya, mai kayan ya ce na dawakin jandarma ne, masu tsaron gwamnati na da. Na saya don kyansa, ban auna ba. Ashe an yi shi ne don manyan dawaki masu faɗin kai, namu kuwa ƙananan baki gare su. Ƙarfen yana yawo a bakinta, in na ja dama ya zarce hagu, gaɓar tana bugun ganɗa, zobban gefe suna mintsinin leɓe. Ni ina ta yabon kaina na zama mai tausayi. Innarka ce ta gano, ita da ba ta taɓa hawa doki ba. Ta ce, “Malam, goɗiyar nan hatsi na zubo mata daga baki in tana ci. Kaji sun hi ta ƙoshi.” Na ce ta bar maganar dawaki ga masu dawaki. Da ta shiga ɗaki na je na buɗe bakin a ɓoye, na iske gefe biyun duk sun tsage. Allah ya sa an gano da wuri, ta warke.

To ga yadda ake aunawa, Baba Sanda ya nuna wa kakanka, ni kuma na koya a makare. Ka sami ɗan karan gero mai santsi, ka sa shi a bakin doki inda linzami ke zama, ka yi alama da farce a inda leɓe ya ƙare ta kowane gefe. Da karan nan za ka je kasuwa ko maƙera, ba da ido ba. Ƙarfen ya ɗara alamar da kaɗan, kamar kaurin ƙaramin yatsa, kada ya fi haka. In ka ɗaura, ya zauna a kusurwar baki ba tare da ya ja leɓe sama kamar dokin yana dariya ba, kada kuma ya sauko yana bugun haƙora. Ka goga shi a cikin damtsenka inda fata ke da laushi, in ya karce ka zai karce shi. In ya yi tsatsa ka cuɗa shi da rairayi. Kuma da zafin ƙasarmu, kada ka ɗauko ƙarfen da ya wuni a rana ka cusa masa, tsoma shi a ruwa tukuna. Wanda Kili ya tafi da shi, da karan nan na auna shi, har Damagaram na aika aka ƙero, don a nan babu mai yi kuma. Ƴaƴan Baba Sanda gyaran moto, wato babur, suke a Tanut, maƙerar ta zama wurin ɗaure awaki. In ka yar da wannan, ban san inda za ka sami wani ba.

Saura kuskurena da kai, wanda shi ya kai mu inda muke. Kai ɗan fari ne, ga ka da sunan mahaifina, kunya biyu ke nan a kaina. Ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zama da kai a tabarma ɗaya mun yi hira ba, a ɗakin kakarka ka girma. Haka aka yi mana, haka muka yi, kuma mutane suna yaba mini da kawaici. Da na fara koya maka hawa, duk lokacin da ka fizgi kamazuru sai in make maka hannu da kara. Ban taɓa ce maka don me ba. Kai kana ganin uba mai zafin rai, ni kuwa Habu nake gani a kan amalanke. Ƙannenka na yi musu bayani, na yi wasa da su, kai ko sau ɗaya. Na tuna ranar da ka tsaya a bakin zaure, gemunka ya fara tsirowa, ka nuna linzamin ka ce, “Baba, yaushe za a sauko da wannan?” Na ce, “Ba yanzu ba.” Ka jira in ƙara wani abu, ban ƙara ba, ka sa takalminka ka fita. Da na zaunar da kai ranar na ba ka labarin nan, da yau ba na rubuta takarda. Na fake da kunyar ɗan fari, alhali kunyar abin da na aikata ce ta fi yawa a ciki. In Allah ya ba ka ɗa, ka yi masa kawaici a gaban mutane yadda aka saba, ba na ce ka bar al'ada ba, amma abin da zai cece shi ka faɗa masa da bakinka tun yana kusa.

Ba na ruɗin kaina cewa za ka ji. Ni an gaya mini, tsoho mai furfura ya gaya mini a gaban wutarsa, ban ji ba, kuma kai jinina ne, ga fushi da ka tafi da shi. Na san yadda zaman can yake. Makiyayan kawunka za su ga ɗan siririn ƙarfe a bakin Kili su yi maka dariya, su ce na mata ne. Samari masu moto za su ce doki ya zama kayan tsofaffi, kai kuma za ka so ka nuna musu abin da moto ba ta iyawa. Ranar kasuwa za ta zo, fili zai buɗe, linzamin yana cikin jaka. Kili zai yi maka zamiyar da ba a taɓa gani ba a Belbeji, don bakinsa sabo ne, zai ji kowane haƙori. Za a yi maka tafi. Na san daɗin tafin nan, har yau in na tuna ina jin sauransa a jikina, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ƴar Gangara ta tsufa, ba za ta sake haihuwa ba, ni ma ba ni da ƙarfin da zan sake horar da wani. A garin nan da kowane zaure ke da turke, yau in ka ji haniniya sai ka leƙa ka ga ko baƙo ne. Kili ne doki ɗaya tak da na yi renonsa tun daga haihuwa ban ɓata shi ba. Shi kaɗai ne abin da na yi daidai, shi na ba ka, ban iya faɗa maka cewa shi ne gadon ba.

Linzamin naka ne, na ba ka yanzu da hannuna a takardar nan, in kana so ka karanta wa kawunka ya zama shaida. Rataye shi inda kake kwana, ka nuna wa baƙi, ka ce na kakanka ne. Bakin Kili kawai nake roƙo.

Amma direban nan ba ya tashi sai motarsa ta cika, kuma ina jin kasuwa za ta ci kafin takardar ta iso ka. Saboda haka bari in faɗi na ƙarshe. In ka riga ka sa masa, ka cire yau. Ka wanke bakin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ka jiƙa masa dusa ya ci mai laushi, kada ƙarfe ya sake shiga har sai ka shafa wurin bai janye kai ba. Sau ɗaya ko sau biyu baki yana yafewa. In kuwa abin ya wuce nan, ka ja ka ji ba ya amsawa, to kada ka hau shi, kada ka bar kowa ya hau, kada ka sayar wa wani bawan Allah da bai sani ba, kada kuma ka ɓoye mini don kunya ka ƙi dawowa gida. Wannan hanyar na bi ta har ƙarshenta, babu komai a can. Ka sa masa ragama ka jawo shi a ƙasa, ko kwana nawa za ku yi. Zan tare ku a bakin gari in karɓi igiyar, ba zan tambaye ka komai ba, don ba ni da bakin tambaya. Doki mai mataccen baki zan iya ci da shi har ya mutu a turkena. Abin da ba zan iya ba shi ne in sake tsayawa a ƙofar gidan nan ana sauke mini mutum daga amalanke.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare hawanka da saukarka. Allah ya sanyaya zuciyarka a kaina, ya sa hannunka ya fi nawa sauƙi. Allah ya jiƙan Habu, ya yafe mini. Ka gaida kawunka da mutanen gidansa duka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Mamman